Hawayen Inna a Kasuwar Talata

Shekarar da aka mayar da ni sashen hulɗa da al'umma na jami'armu, na tarar da ofis mai kujeru shida, fanka ɗaya, da burin da ya fi ƙarfin ginin. A jikin bango an manna alheran da za mu yi wa mutanen karkara: mu dasa masu itatuwa, mu buɗe wa matansu ajin yaƙi da jahilci, mu raba masu murhu mai tsimin itace. Su mutanen karkarar ba su san ana yi masu wannan tanadi ba, mu kuma ba mu da ko na man motar da za mu je mu gaya masu.

Daraktanmu farfesa ne a fannin ƙasar noma, ko da yake tun da ya zama farfesa ban jin ƙasa ta sake taɓa hannunsa sai in taimama ta kama. Da ya ji ni 'yar Birnin Tudu ce ta ƙasar Bakura, nan take ya naɗa ni ƙwararriya a kan talauci. Duk takardar neman tallafin da za a rubuta sai ya ce, "A kira Malama, ita ta san mutanen nan." Haka muka yi ta aika takardu gabas da yamma, har wata ƙungiya ta amsa cewa za ta turo mutum uku su ga halin da ake ciki da idonsu kafin ta saki ko sisi.

A nan na yi kuskuren farko. Na buga waya gida na ce baƙi na tafe.

Wanda ya san mutanenmu ya san abin da na jawo. Ranar da muka isa, ni kaina sai da na dubi direba, ko ya ɓata hanya ne. An share garin tun daga bakin hanya, an yayyafa ruwa. Ajin da muke so baƙin su gani, wanda iska ta yaye wa rufi tun damina biyu da suka wuce, an aro kwano an rufe shi, an shafe bangon da farar ƙasa, an jera bencina da ban san daga inda aka kwaso su ba. Mata sun fito cikin leshi da atamfa, ƙafa ta sha lalle, duk mai ɗan kunnen zinari ta sa, marar shi ta ara. Aka shimfiɗa darduma, aka kawo tuwon shinkafa da miyar zabi, ga fura da nono a sabbin ƙore. Ɗaya daga cikin baƙin ta buɗe littafinta ta ce in tambayi mai gari matsalolin da suka fi damun jama'arsa. Na tambaya. Ya gyara zama ya ce, "Lahiya lau muke, sai godiyar Allah. Su dai sun sha hanya, a ce su ci abinci."

Na sake tambaya, ina ƙifta masa ido. Ya ce ruwa ya yi gyara bana, alhamdu lillahi. Aka juya ga mata, ko hayaƙin girki yana damun su? Wata gwaggona ta yi dariya ta ce, "Hayaƙi kuma? Shi ka sa tuwo daɗi." Na fassara duka, don ba ni da yadda zan yi, kowa na kallon bakina.

A Ruwan Gizo ma haka aka yi, har da raguna biyu. Maradun kuwa a taswira suka gan ta, saboda an ce hanya ba lafiya a makon. Baƙi suka koma da buhun albasa da kwandon ƙwan zabi. Bayan wata guda wasiƙarsu ta zo, cike da yabo. Sun ce sun daɗe ba su ga al'umma mai dogaro da kanta irin tamu ba, don haka za su kai tallafinsu inda aka fi bukata.

Darakta ya karanta, ya cire tabarau, ya ce, "Malama, an ce ki nuna masu talauci, kin kai su biki."

Na ce, "Ranka ya daɗe, mutanenmu ba sa nuna wa baƙo babu. Abin kunya ne."

"To kunyar ta rufa masu ajin," in ji shi.

Sabuwar dabara ita ce a kafa gidauniya a wani babban zaure a Talata Mafara, a gayyato attajirai da 'yan siyasa da wakilan ƙungiyoyi. Amma ana bukatar hoto. Darakta ya ce ba hoton mata da leshi ba, hoto mai taɓa zuciya, wanda in mai kuɗi ya kalla zai ji hannunsa ya tafi aljihu da kansa. Aka ba ni mako biyu, aka kuma gargaɗe ni kada in sake sanar da kowa zuwana.

Bari in faɗi wace ce Inna, mahaifiyata, don a san abin da na taɓa. Tun da Baba ya rasu muna ƙanana, turaren shinkafa take yi. Ta sayi shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, ta turara a tukunyar da yaro zai iya ɓuya a ciki, ta shanya, a kai inji, ranar Talata ta bi buhunanta zuwa kasuwar Talata Mafara. Da tukunyar nan ta yi mana karatu, ni da ƙannena maza biyu, da ita ta sayi fadama, da ita ta je Makka ta dawo da haƙori. In kaka ta yi, daga gonarta ake fitar da zakka, kuma takan sa a kai gidajen da ta sani da tsakar rana lokacin da maza ke gona, don kada maigida ya ji nauyi. A rayuwata ban taɓa jin ta ce "ba ni da shi" ba. In abu ya ƙare sai ta ce ya yi albarka. Duk dukiyar da ta tara, abin da ta fi ji da shi shi ne ba a taɓa jin kanta ba.

A cikin makonnin nan biyu matar ƙanena ta haihu, na je suna. Da hantsi na fito tsakar gida na tarar da Inna a gaban murhu. Ta kori 'yan aiki daga tukunyar shinkafa don ta ce za su caɓe ta, ta ɗaura wani tsohon zane da take girki da shi, kallabi ya zame. Itacen ɗanye ne, hayaƙi ya turnuƙe ta, hawaye na zuba, tana sharewa da bayan hannu. Ranar tana cikin ranakun da ta fi farin ciki a duniya, don jikanta namiji na farko ke nan. Na ɗaga waya na ɗauka. A gefen dama ana feɗe rago, na yanke shi daga hoton. A gefen hagu an jera kulolin abinci kamar za a ciyar da gari, su ma na yanke. Aka yi sa'a bakinta a rufe yake, haƙorin Makka bai fito ya ɓata mana aiki ba.

Ba zan ce ban san abin da nake yi ba. Na sani sarai. Da darakta ya ga hoton ya miƙe tsaye, ya ce, "Yauwa! Wace ce wannan?"

Na ce, "Wata tsohuwa ce a garinmu."

Shi ya tsara rubutun da za a sa a ƙasa, da Turanci da Hausa, don alhazai ma su samu rabonsu na tausayi: ba ta da kowa, ku zama gatanta. Ina tsaye aka rubuta. Na lallashi zuciyata da cewa taron yini ɗaya ne, na manya ne, kuma babu abin da zai kai Inna zauren. Aka buga hoton a ƙaton ƙyallen roba irin wanda 'yan siyasa ke buga fuskokinsu, aka rataye shi a bayan manyan baƙi.

Taro ya yi kyau, Allah ya sani. An yi jawabai a kan kwararowar hamada har ƙishirwa ta kama kowa. Wani alhaji da aka ce bai taɓa yi wa ɗan'uwansa kuka ba, ya dubi Inna ya share ƙwalla da bakin rawani, ya tambaya ko tana raye. Darakta ya ce tana raye, amma da ƙyar. Ni ina gefe ina raba ruwan gora. Kuma abin haushin, dabarar ta ci. Kuɗi suka shigo, har ƙungiyar nan da ta yabe mu ta ga hoton ta canza ra'ayi. An dasa itatuwa a Ruwan Gizo da Damri, awaki suka yi godiya suka cinye rabi, rabi ya rayu. An raba murhu. Ajin Birnin Tudu ya sami rufin kansa, ba na aro ba, aka ɗauki malama, matan garinmu suka fara zuwa bayan la'asar da littattafai a cikin hijabi. Wannan kam ba zan yi masa ba'a ba, na ga gwaggona ta rubuta sunanta da hannunta, na ji daɗi har raina. Ni kuma aka ba ni takardar yabo mai hatimi, wai don sadaukar da kai.

Abin da duk iliminmu bai hango ba shi ne, a ƙasarmu ƙyallen roba ba ya mutuwa. Da aka tashi taro masu share zaure suka naɗe shi, ya bi hannu ya bi hannu, har ya zama rumfar wani mai tumatir a kasuwar Talata, can nesa da layin 'yan shinkafa. Ya daɗe a can yana tare masa rana. Masu wucewa suna cewa wannan kamar Hajiya mai shinkafa, su wuce. Sai wata Talata matan ajinmu uku suka je sayayya, suka tsaya a ƙarƙashinsa, suka ɗaga kai. Wata bakwai suna koyon haɗa baƙi, ga baƙaƙe manya manya, kyauta. Suka haɗu suka karanta, harafi bayan harafi, da ƙarfi, yadda malamarsu ta koya masu. Aikinmu ya yi amfani.

Ƙanena ne ya ba ni labarin sauran. Magana ta kai kunnen Inna. Talatar da ta biyo ta je da kanta, ta tsaya a gaban rumfar ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a auna mata tumatir. Mai tumatir ya dube ta, ya dubi rumfarsa, ya ce, "Bar shi, Inna, ɗauka kawai. Allah shi kawo sauƙi." Daga ranar ba ta sake taka kasuwar ba. Buhunanta suna zuwa, ita tana gida. Na yi ta buga waya, takan ɗauka, mu gaisa, ta tambayi aiki, ta ce a gaida mutanen ofis. Na aika aka sayo ƙyallen daga hannun mai tumatir aka ƙone, kamar shi ne ya yi laifin.

Sai da kaka ta yi na samu ƙarfin halin zuwa. Ta tarbe ni yadda aka tarbi baƙin nan uku: darduma, fura a sabuwar ƙwarya, gaisuwa mai tsawo har da tambayar gajiyar mota. Na gwammace ta zage ni. Ina ta juya maganar da na shirya tun daga hanya, ban kai ga buɗe baki ba aka yi sallama a zaure. Wani dattijo ne maƙwabcinmu, manomi, wanda shekaru da dama zakkar gonar Inna takan shiga gidansa. Bana Allah ya ba shi, gero ya yi kyau. Inna ta yafa mayafi ta fita, na bi ta a baya. Ya ɗaure jakinsa a waje, ya jingine damin gero a bangon zaure, ya durƙusa.

Bayan an gama gaisuwa ya ce, "Hajiya, ki yi muna gahwara. Muna gari guda, ba mu san haka abin yak kai ba. Kin ruhe muna. Ga wanga, hakkin Allah na, ba nawa ba."

Babu ba'a ko kaɗan a muryarsa, kansa a ƙasa, shi ma nauyi yake ji. Na ga hannun Inna ya kama bakin mayafi ya matse. Na san ba za ta mayar masa ba, don ba za ta kunyata mutumin da ya zo da zuciya ɗaya ba. Ta juyo ta dube ni, karo na farko tun isowata.

"Matso," ta ce. "Ke kir roƙo, ke za ki yi godiya. Ni ban san yadda a ka amsa ba."

Ta koma cikin gida. Na durƙusa a ƙasar zauren, da leshina da agogona, na yi wa dattijon nan godiya cikakkiya, na ce Allah ya ƙara arziki, Allah ya maimaita mana. Ya amsa, ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. Da ya kai bakin ƙofa ya tsaya, ya ɗaga hannu ya yi wa Inna addu'a. Ya ce Allah shi ba ta wanda zai dube ta.

Na ce amin.