Baba Sharhi a Kasuwar Sabuwa

Duk wanda ya taso a Tafoki zamanin da kuɗin mai suka fara kwarara cikin ƙasar nan ya san batiran Baba Audi. Da rana ta ɗan leƙo sai ya fito da su guda huɗu, ya jera su bisa katangar zaure, yana juya su kamar mai shanyar kuɓewa. In ka ce, "Baba, batiran nan ai tun kaka suka mutu," sai ya harare ka ya ce, "Suma suka yi. Kai likita ne?" Abin haushi kuma, da la'asar in ya mayar da su cikin rediyo, sai ta yi magana.

Ku da kuka zauna da shi kun san ƙanen mahaifina ne, kuma shi ya riƙe ni tun ina shekara biyar, bayan rasuwar mahaifin nawa. Ni ne Lawal ɗin da yake kira "Malamin Boko" in yana son tsokana. Kun kuma san dalilin da ya sa aka laƙaba masa Baba Sharhi. Mai karanta labarai zai yi sallama, Baba ya amsa masa har da tambayar iyali. Ana gama labarai ya kashe rediyo, wai kada batir ya gaji, ya gyara zama a gindin ɗurumi ya yi wa jama'a sharhin da kansa. Babu wani sabon abu da Turawa za su ƙera, ko waƙa, ko yayin tufafi, da Baba ba shi da hukunci a kansa kafin a kira magariba.

Na tuna ranar da malamin gona ya zo da labari mai zafi, wai Turawa sun sake komawa duniyar wata, wannan karon har da mota suka tuƙa a can.

Baba ya ce, "A gaban wa?"

"Haba Baba, ai an nuna hoto."

"Hoto! Ni ma ina da hoto tsaye gaban jirgin sama, a Funtua aka ɗauke ni. Labule ne."

"To motar fa?"

"Motar ce ma ta tona masu asiri. Mu nan daga Faskari zuwa Tafoki, in damina ta zauna, mota ba ta shigowa. Su fara kawo ta nan tukuna, sannan mu yi maganar wata."

Malamin gona bai daddara ba. Wata rana ya sake zuwa da labarin wata na'ura mai ƙwaƙwalwa, wai girmanta ya cika ɗaki, kuma tana tunani fiye da mutum ɗari. Baba ya tambaya ko tana tunanin mutuwa. Aka ce a'a. Ya ce to ba tunani take ba. Malamin gona ya dage yana bayani, cewa sai an rubuta mata abin da za ta yi dalla-dalla, in aka kuskure ko ɗigo ɗaya sai ta tsaya cak, ba za ta motsa ba.

"Af!" in ji Baba. "Ka ce mani ma'aikaciyar gwamnati ce. Ba takarda, ba aiki. Ai muna da irinta, ga ka, ga Lawal."

Kowa ya kwashe da dariya, har da ni. Amma in faɗa muku gaskiya, a lokacin na fara jin kunyar Baba. An ba ni aikin koyarwa a Kankara, na tara suma kamar kwando, na ɗinka wandon nan mai faɗin ƙafa da ake yayi. Ranar da na fara sa shi a gida, Baba ya zagaye ni sau biyu, sannan ya ƙwala wa matarsa kira: "Hajara, fito ki ga zanenki guda biyu suna tafiya!"

Da hutu, ni da kaina na ja shi silima a Funtua tare da abokaina, wai in waye masa kai. Fim ɗin Indiya ne. Baba ya zauna tsit, har na fara murna. Ashe ba mutanen yake kallo ba, wata saniya ce da ke bayansu. Ya taɓo ni ya ce saniyar nan ba ta samun kanwa. Na ce ya yi shiru. Can sai ruwa ya ɓarke a cikin fim, saurayi da budurwa suka fito suna waƙa suna zagaye itace. Wallahi sai ga Baba tsaye.

"Kai yaro! Ruwan shuka ne wannan! Ka aje waƙa ka ɗauki sungumi!"

Silima ta ɗauki ihu, wasu na tafi, wasu na cewa a zaunar da shi. Ni kuwa na zame cikin benci kamar in nutse. Wani da ke bayanmu ya dafa ni ya ce, "Malam, wane ne tsohon nan?" Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Wani ne daga ƙauyenmu."

Na ɗauka hayaniya ta rufe maganar. Muna fitowa, muka zo daidai wurin mai tsire, sai Baba ya tsaya ya ce, "Malamin Boko, wani daga ƙauyenku shina jin yunwa."

Na saya masa. Ya ci abinsa har da lasar yaji. Da ina da hankali, da nan na tsaya. Ina!

Da aka yi mana ƙarin albashin nan da ya ruɗa ma'aikata, kowa ya ruga sayen abin da zai nuna. Ni rakoda na saya, mai cin kaset, mai ɗaukar magana. Na kawo ta Tafoki a cikin jaka, na zauna kusa da Baba lokacin sharhi, na danna jan maɓalli a ɓoye, na shiga zuga shi. In tambaye shi wata, in tambaye shi na'ura, in tambaye shi mawaƙan zamani masu jita, waɗanda ya ce kukansu kamar an taka wutsiyar kyanwa. Ya yi ta zuba, ni ina danne dariya da hannun riga.

Niyyata in kunna wa abokan aikina a Kankara mu sha dariya, shi ke nan. Mun kuwa sha. Sai Malam Garba, wanda muke koyarwa tare, ya ari kaset ɗin ya kwana biyu da shi. Ban san ƙanensa mai sayar da kaset ne ba, yana bin kasuwanni. Kafin wata uku na fara jin direbobi a tasha suna ce wa juna "A gaban wa?" Na gane inda suka samo ta, amma ban gaya wa kowa ba. Na ce ai Baba ba ya zuwa tasha.

Sai Yaya Binta, 'yarsa da ke aure a Damari, ta haihu. Muka kama hanyar suna ni da shi, muka biya ta kasuwar Sabuwa don ya yi wa jariri tsaraba. Muna ratsawa ta layin 'yan koli sai na ji murya daga lasifika, an ƙure ta, mutane sun yi da'ira kamar wurin mai wasa da kura.

"...su fara kawo ta nan tukuna, sannan mu yi maganar wata!"

Na kama hannun rigarsa. Na ce, "Baba, mu bi ta can, nan akwai cunkoso."

"Tsaya. Wane malami ne wannan?"

Ya kutsa cikin mutane, ya kafa kunne, yana kaɗa kai. Bai gane kansa ba! Bai taɓa jin muryarsa daga waje ba. Mutumin cikin kaset ya ce labule ne, Baba ya buga sandarsa ƙasa.

"Madalla! Abin da nike faɗi ke nan kullum! Tun da aka kawo rediyo ƙasar nan, yau ne na ji an ba mai hankali dama." Ya juyo gare ni. "Sai dai muryar tashi, kamar akuya mai mura."

Da abin ya tsaya nan, da yau labarin dariya kawai nake ba ku. Amma kaset ya ci gaba. Sai ga wata murya ta daban, ƙasa-ƙasa, tana cewa, "To Baba, na'urar fa?" Bayanta kuma wata dariya da ake ƙoƙarin dannewa, ƙiƙiƙi, ta cikin hanci.

Baba ya daina kaɗa kai.

Ya tambayi mai rumfar, "Ɗana, ina kuka samo wannan?"

"Wallahi Baba wani tsohon ƙauye ne, ba ya gane komai. An ce ɗansa ne ya ɗauko shi bai sani ba. Kowa sonsa yake. A naɗe maka?"

"A'a," in ji Baba. "Ina da irinshi a gida." Ya gyara rigarsa. "Ɗan nashi ya kyauta."

Daga Sabuwa har Damari bai ce da ni uffan ba. Ya ɗauki jariri, ya yi masa addu'a, ya gaisa da surukai, ya ci tuwo, duk lafiya lau, ni kaɗai ne kamar ba na wurin. Muka koma Tafoki. Kwana uku ba a shimfiɗa tabarma a gindin ɗurumi ba. Mutane su zo su tsaya su koma. Inna Hajara ta same ni bayan rumbu ta ce, "Lawal, mi ka yi wa tsohon nan? Shekara arba'in ina roƙon Allah ya yi shiru, yau ya yi, kuma na kasa cin abinci."

Rana ta huɗu na cire takalmi na shiga zaure, na durƙusa. Na shirya dogon jawabi tun daga Damari, amma ko kalma ɗaya ba ta fito ba, sai hawaye, ga ƙaton mutum da suma kamar kwando.

Baba ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya ce, "Tawa muryar ban gane ta ba, don ban taɓa zama gefe na saurare ni ba. Amma dariyarka, Lawal, ko cikin kasuwar Kano na gane ta. Bisa cinyata ka koye ta."

Na ce, "Baba, ka yafe mani."

"Dariyar mutanen Sabuwa ba ta dame ni ba. Ni ma ina yi masu. Abin da ya tsaya mani, da ka ce ina son in ɗauke ka, hana ka zan yi? Kai ka san ni da son magana." Ya ɗago kai ya dube ni. "Kuma ka bari aka kai ni gaban jama'a da rigar gona. Tashi ka ɗauko abin ɗaukar maganar."

Na ce, "Baba, ai ba a ganin mutum a ciki."

"A cikin naka ba a gani. Ka san irin wanda za su ƙero gobe?"

Jama'a, sai da ya yi wanka. Ya sa babbar rigarsa ta Sallah, ya kafa hula, ya shafa turare, ya sa aka share zaure, sannan ya zauna ya fuskanci rakoda kamar mai ganawa da alƙali. Na danna maɓalli. Ya gaida mutanen Faskari, ya gaida na Kankara, ya gaida na Sabuwa, ya gaida mai rumfar kaset ya ce Allah ya ƙara masa ladabi. Ya janye maganar akuya mai mura, ya ce lasifikar ce ba ta da kyau. Ya ce maganar wata kuwa yana nan a kan bakansa. Daga ƙarshe ya ce, "Wanda kuka ji shina dariya a wancan, ɗana ne, Lawal, malami a Kankara. Kada wanda ya zage shi a kaina. Ni na rene shi, kuma na yafe mashi duniya da lahira. Kashe, kada ta gaji."

Ya ce in kai wa mai rumfa kaset ɗin. Ban kai ba. Kunya ta hana ni, don sunana na ciki. Na jefa shi cikin akwati tare da sauran kaset-kaset, na ce sai wani lokaci. In ya tambaya, in ce ana nan ana shiri.

Shekara shida bayan nan Baba ya rasu, bayan gajeriyar jinya, ana tsakiyar girbin dawa. Ranar sadakar bakwai Inna Hajara ta ce, "Lawal, ɗauko mana maganar nan da ya yi cikin rigar Sallah, in ji shi." Na je Kankara na zazzage akwati, na samo shi, na dawo. Aka taru a tsakar gida, har da Yaya Binta. Na kunna.

Aka ji gyaran murya. Aka ji ya ce, "Ta fara? Lawal, ta fara ji na?" Aka ji ni na ce, "Ta fara, Baba." Ya ce, "To. Bismillahi."

Sai kiɗan jita ya ɓarke.

Ban rubuta komai a jikin kaset ɗin ba. Wata rana, ban ma san yaushe ba, na naɗi waƙar rawa a kansa daga rediyo, gaba da baya. Na yi ta juyawa, ina turawa gaba, ina dawowa. Babu. Yafiyar da ya yi mani da bakinsa, ni na goge ta da hannuna.

Na kashe rakoda. Can Inna Hajara ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Mayar da shi farko." Na mayar. Ta ce in sake. Sau biyar muna jin "To. Bismillahi," ina kashewa kafin jita ta shigo. Ta ce, "Ya isa. Ai nan ne kaɗai bai yi gardama da kowa ba."

Yau na haura shekarun da Baba ya yi a duniya, jikokina na nuna mani abubuwa a waya ina ce musu ƙarya ne, suna danne dariya da hannun riga, ina ganinsu.

Allah ya jiƙan Baba Audi. Yadda ya rufa mani asiri ban cancanta ba, Allah ka rufa masa nasa. Ka yalwata kabarinsa, ka haɗa shi da Inna Hajara a gidan Aljanna, ka ba ni ikon durƙusawa gabansa sau ɗaya tak, in ce a gaban kowa: wannan ubana ne. Amin.