Turancin da Na Koya Saboda Ciwon 'Yata

'Yata ta uku da sikila aka haife ta. Tun tana rarrafe muka san hanyar asibiti, daga ƙauyenmu a Saulawa zuwa wani asibiti a Maƙarfi, ni da ita a bayan babur ɗin mahaifinta. Idan ciwon ya tashi, ji take kamar ana sara mata ƙashi, ko zane ba ta yarda ya taɓa ta.

Tana aji biyu a firamare aka kawo sabuwar likita, 'yar bautar ƙasa daga kudu. Doguwa ce mai saurin tafiya, kuma ban da "sannu" ba ta jin komai a Hausa. Duk abin da zan faɗa sai ya bi ta bakin wata ma'aikaciyar jinya 'yar garin. Ni kuwa a gaban mahaifina na yi karatu, na sauke Alƙur'ani, amma ban taɓa zama a ajin boko ba.

Wata rana muna kan benci muna jiran layi, likitar ta fito daga ɗakin marasa lafiya, ta tsaya a gaban wani dattijo ta yi masa magana a hankali. Kalma ɗaya kunnena ya riƙe: "sori". Kafin ta rufe baki matan da ke tare da shi sun fashe da kuka, shi kuma ya hau salati. Ɗansa ne ya rasu. Na ƙanƙame 'yata har sai da ta ce ina matse ta. Daga ranar na ɗauka da wannan kalmar suke sanar da mutuwa.

Na dawo gida da wani tunani da ya hana ni sakat. Idan muka je wata rana mai fassara ba ta nan fa?

Yayar mijina tana koyarwa a wata firamare a Kudan. Da ta zo mana hutu, muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida, na ce, "Yaya, ki koya mini Turanci."

Ta yi dariya. "Ke kuma? Takarar kansila za ki fito?"

"Na asibiti kawai nake so."

Ta dubi 'yar tawa da ke kwance a tabarma, sai ta daina dariyar. Ta dafa kanta ta ce "hed". Ta dafa ƙirji ta ce "ces". Ciwo "fen", zazzaɓi "fiba", jini "bulod", numfashi "birid". Ta koya mini yadda ake cewa "tun jiya", da yadda zan gane idan an tambaye ni a ina ne, ko yaushe ya fara. Kamar hadda na ɗauki abin. Ina daka ina maimaitawa, ina wanke-wanke ina maimaitawa, yara suna laɓe suna ƙyalƙyala dariya. Waccan kalmar da na ji a asibiti ce kaɗai ban tambaye ta ba. Tsoron furta ta nake yi a cikin gidana.

A tsakiyar damina ruwa ya daki 'yata a hanyar dawowa daga makaranta. Washegari Juma'a, da hantsi ya ɗaga, na ga wannan ba irin wanda na saba gani ba ne. Ba ƙafa take riƙewa ba, ƙirji ne. Numfashinta sama-sama, tafin hannunta fari fat. Mahaifinta ya kai barkono kasuwa, wayarsa ba ta shiga. Maƙwabcinmu na roƙa ya ɗauke mu a babur. Hanya duk taɓo, sau da yawa sai na sauka da ita a baya mu taka. Ina jin zafin jikinta ta cikin zane, ina kiran ta don kawai in ji ta amsa.

Muka isa an tafi masallaci. Ma'aikaciyar jinyar nan ba ta nan, an yi musu rasuwa. Maƙwabcinmu ya sauke mu ya bi sahun masallata. Likita kaɗai na tarar, sai wata baƙuwar ma'aikaciya da ita ma ba ta jin Hausa.

Likita ta karɓe ta ta shimfiɗa a gado, ta juyo tana yi mini tambaya. Na tsaya ina kallon bakinta. Wallahi duk abin da na haddace ya gudu. Ta sake tambaya, ta kama ƙafar yarinyar tana dubawa, don can ta saba ganin ciwon. Sai 'yata ta yi wani tari mai sheƙa, na ji kaina na bugi ƙirjina na ce, "Ces! Ces fen. Sins yestade."

Ta saki ƙafar nan take. "Fiba?"

"Yes. No birid wel."

Fuskarta ta canja. Ta sa abin awo a kunne ta ɗora a ƙirjin yarinyar, ta ja fatar idonta ta duba, ta daka wa ɗayar ma'aikaciyar kira. Suka sa mata robar iska a hanci. Cikin maganar da take yi da sauri na tsinci "bulod", na gane ƙarin jini za a yi.

Can ta juyo ta riƙe hannuna, ta ce, "Mama, sori."

Na zube a ƙasa ina Innalillahi, ina kururuwa. Likita ta ruɗe, tana girgiza ni tana ta magana, ban gane ko ɗaya ba. Daga ƙarshe ta ja ni da ƙarfi zuwa bakin gadon, ta ɗora tafina a ƙirjin 'yata ta danne. Na ji yana bugawa. Na ji yana hawa yana sauka. Haka na tsaya, hannuna a wurin, har aka sauko daga masallaci.

Da la'asar mahaifinta ya iso da ƙanensa, aka gwada jinin ƙanen ya yi daidai, aka ɗaura mata. Ƙanen ne ya ji labarin abin da ya faru, ya ce, "Haba Yaya, ai sannu kawai ta yi miki. Ko tuntuɓe kika yi haka za ta ce." Ban iya dariya ba.

Mun kwana biyu a asibitin kafin ta fara shan kunu. Kullum likita ta zagayo sai ta tsaya ta yi mini magana a hankali, kalma-kalma, ta jira in amsa. A bakinta na koyi "beta", wato da sauƙi. Da ta gama bautar ƙasarta ta koma garinsu, ban ma samu yi mata ban-kwana ba.

Yanzu yarinyar tana sakandare, ita ke gyara mini lafazi. Amma idan ciwon ya kai maƙura ba ta iya buɗe baki, ni ce dai ke tsayawa a gaban likita. Bana da aka kwantar da ita, na ji sabon likitan yana nanata wata kalma ga abokin aikinsa, "kidni". Na riƙe ta a baki har gida, na kira yayar mijina a waya. Ta ce ƙoda ke nan. Likitocin sun ce idan an gama girbin masara mu kai ta Zariya a yi mata hoto.