Kumatun Halliru Mai Algaita

Duk wanda ya girma a Wudil ya san kumatun Halliru kafin ya san sunansa. In ya sa algaita a baki sai fuskar ta kumbura gefe da gefe kamar ya cusa goruba biyu, idanu su shige ciki, jijiyar wuya ta miƙe. Ni Yahuza, ni nake riƙe masa ganga tun muna samari. Daga Utai ya zo da algaitarsa ta gado a jakar fata, muka haɗu a wani biki a bakin kogi, muka manne wa juna har furfura.

Abin da ya raba shi da sauran mabusa shi ne busarsa ba ta yankewa. Bari in yi bayani, don yaran yanzu ba abin da suka sani sai latsa waya. Mabushi na gaske a kumatu yake tara iska, yana matso ta cikin algaita a hankali, a daidai lokacin kuma yana jan wata ta hanci. Kumatun su ne rumbunsa. Halliru sai ya ɗauko busa daga gidan amarya har ƙofar gidan ango sautin bai tsinke ba. Mata su yi ta guɗa, ni hannuna ya mutu a kan ganga, shi kuwa yana tafe abinsa ko a jikinsa.

Da girma ya zo, kumatun suka saki. In ba busa yake yi ba sai su zubo har ƙasan haɓa, suna reto in yana tafiya. Tuwo ya maƙale masa a ciki sai ya sa yatsa ya zaƙulo. Wani lokaci yawu ya gangaro ta gefen baki bai sani ba, sai matarsa Yelwa ta miƙo masa ƙyalle. Ni kam tsokanarsa nake yi, in ce, "Halliru, ara mini aljihu ɗaya in ajiye gorona." Ya yi dariya, kumatun su yi ta kaɗawa. Ban taɓa jin ya ce sun dame shi ba.

Wanda suka dama shi ne ɗansa na fari, Tasi'u. Yaron ya yi boko, yana aiki a wani ofis a Kano, kuma ba zan yi masa sharri ba, yana kula da iyayensa. Amma tun yana makaranta ya tsani a ce masa ɗan maroƙi. Ranar sunan ɗansa aka ɗauki hoto da kakan jariri, aka yaɗa a waya, wani abokin aikinsa mara ta-ido ya yi wasa da fuskar tsohon. Ba a yi sati ba sai ga Tasi'u a zauren gidan ubansa, ina zaune. Ya durƙusa ya gaishe mu, ya tambayi gida da jiki da damina, sannan ya fito da waya yana nuna hotunan wasu tsofaffi, kafin a yi musu tiyatar fuska da bayan an yi.

Ya ce, "Baba, akwai likitan da ke wannan tiyatar a Kano yanzu. Fatar ake ɗagewa a ja ta sama, a yanke rarar, a ɗinke ta wajen kunne. Za ku daina wahalar cin abinci, yawun nan ma ya tsaya."

Halliru ƙasa yake kallo. Mutumin da ne, mai kunyar ɗan fari. Tun da aka haifi Tasi'u bai taɓa kiran sunansa ba, "yaron nan" yake cewa. Bai taɓa kallon tsakar idonsa ba, balle su yi musu. Da yaron ya gama sai kawai ya ce, "To."

Tasi'u na fita na taso wa Halliru. Na ce, "To me? Kai yanzu rumbunka za ka kai a rushe kana cewa to?"

Ya ce, "Yahuza, yaro ya ga abin da zai yi wa ubansa. Da wane baki zan hana shi?"

"Da bakin da ka ciyar da shi har ya zama mutum."

Ya ce, "Likita ai zai tambayi aikina. In ya ji, shi ya san abin da zai taɓa da abin da zai bari."

Wallahi sai na ga kamar da gaskiyarsa, na ƙyale shi.

Na bi su Kano ranar ganin likita, amma mutum ɗaya ake bari ya shiga da mara lafiya, sai aka bar ni a kan benci a waje. Abin da ya faru a ciki daga baya Halliru ya faɗa mini, bayan aikin gama ya gama. Likitan ya kama kumatun ya ja, ya saki, ya yi mamakin yadda suka buɗe haka. Ya tambayi ciwon suga, ya tambayi hawan jini, sannan ya ce, "Mece ce sana'ar Baba?"

Tasi'u ya yi caraf ya ce, "Manomi ne."

Ba ƙarya ce zalla ba, yana da 'yar gonarsa a Utai. Likitan ma, Allah ya saka masa, ya juyo ya ce, "Haka ne, Baba?" Halliru ya ce ya buɗe baki, sai ya hango yaron ta gefen ido ya sunkuyar da kai, gumi na tsattsafo masa a goshi. Ta yaya zai ƙaryata ɗansa na fari a gaban baƙo, ya ce a'a, maroƙi ne ubansa? Sai ya ce, "Haka ne."

Aka yi aikin. Ya dawo kai naɗe da bandeji, fuska ta kumbura ta yi baƙi, kunu kawai yake sha da cokali. Sannu a hankali kumburin ya sauka. Gaskiya likitan ya iya aikinsa, aikin manomi aka ba shi kuma ya yi. Fuska ta ɗame, haɓa ta fito, yawu ya tsaya. Mutane suka yi ta zuwa barka, ana cewa ya koma saurayi. Tasi'u ya zo ya ɗauki hoto yana murna. Yelwa ce kaɗai na ji ta ce ita har yanzu in ya shigo gida sai gabanta ya faɗi, ta zaci baƙo ne.

Algaita kuwa tana rataye a ƙusa. In na yi magana ya ce ɗinki bai gama warkewa ba. Damina ta wuce, kaka ta wuce, ɗinki bai warke ba. Na san tsoro yake ji, ni ma tsoron nake ji, shi ya sa ban matsa ba.

Sai aka aiko daga Achika. Mai unguwa zai aurar da ɗansa, kuma mahaifiyarsa, wata tsohuwa Hansai da idonta ya kusa tafiya, ta rantse ba za a kawo amaryar jikanta da kiɗan waya ba, sai da busar Halliru. Ba yadda za mu yi, muka hau babur muka tafi da la'asar.

Aka fito da amarya, na buga ganga, ya sa algaita a baki. Sautin ya fito, nasa ne, har tsigar jikina ta tashi. Na dubi fuskarsa. Kumatun suka ɗan taso kaɗan suka tsaya cak, kamar fatar gangata. Kafin mu yi taku kaɗan iskar ta ƙare, busa ta yanke. Ya ja numfashi ya sake, ta sake yankewa. Haka muka yi ta tafiya, ya busa ya tsaya, ya busa ya tsaya, kamar ɗan koyo. Na ƙara wa ganga ƙarfi don in rufe masa, amma wa zan ruɗa? Guɗar mata ta yi ta raguwa har ta mutu. Ina kiɗa hawaye na zubo mini, ban ji kunyar kowa ba.

A ƙofar gidan ango Hansai na zaune a kan tabarma. Muka durƙusa, ni na gaishe ta. Ta amsa mini da sunana, don ta gane muryata. Sannan ta matso da fuskarta kusa da tasa, ta daɗe tana dubawa da ɗan sauran ganinta.

Ta ce, "Yahuza, wannan bawan Allah ya yi ƙoƙari, Allah ya yi masa albarka. Amma ni Halliru na ce a kira mini. Me ya hana shi zuwa?"

Na buɗe baki zan yi magana, ya dafa mini gwiwa. Ya mayar da algaitar cikin jaka, ya ɗaure bakinta.

Ya ce, "Ki yi haƙuri, Inna. Bai samu zuwa ba."