Ƙulli Biyu a Jar Waya

Cikin ranakun aikina akwai wata Asabar da har yau ban manta da ita ba, kuma ku da kuka shigo aikin lantarki jiya-jiya ya kamata ku ji ta. A farkon shekarun tamanin ne, ina karatun injiniya a ƙasar waje, a birnin Greensboro, ina kuma aikin ƙarshen mako a wani shagon tseren motocin wasa kusa da titin Elm. Mai shagon, Mista Odel, dattijo ne mai yawan faɗa da saurin hucewa. Muƙamina kuwa babba ne a baki: ni ne injiniya, ni ne mai shara.

Motocin ba su fi tafin hannu ba, suna gudu a kan faffaɗan teburi mai layi takwas, batiran mota ke ba su wuta. Kowane ɗan tsere na riƙe da kwanturola, wata aba mai kunama kamar ta bindiga, da wayoyi uku: fara ta wuta, baƙa ta mota, ja ta birki. Kowace da ƙusarta mai irin launinta a jikin teburin. Ka kuskura ka musanya ja da baƙa, kana matsa kunama sai hayaƙi.

Akwai wani Mista Lamar, tsohon ma'aikacin masaƙa, da ke zuwa daga garin Pleasant Garden. Cikin wata guda ya ƙona kwanturola biyu, duk a layi na huɗu, wanda ni na sake wa wayoyi da hannuna. Mista Odel ya kira ni gefe.

“Kabiru, shekara goma mutumin nan na zuwa, bai taɓa ƙona komai ba sai da ka taɓa layin nan. In aka yi ta uku, ka nemi wani wurin.”

Gaskiya hankalina ya tashi, don da aikin nan nake cin abinci. Na auna layin sau uku, lafiyarsa ƙalau. Abu ɗaya na canza: tsofaffin ƙusoshin kowace da girmanta, ni kuwa sarkin tsari na sa sababbi iri ɗaya, na shafa musu fenti, ina ta yaba kaina.

Ranar Asabar ɗin Mista Lamar ya zo da tsohuwar kwanturola mai mariƙin katako, ya ce marigayi wansa ne ya haɗa ta. Na tsaya bayansa ina share teburin da ba shi da ƙura. Ya maƙala fara daidai. Sai ya ɗaga sauran biyun kusa da fitila, ya jujjuya su, ya shafa ƙusoshin da ɗan yatsa, sannan ya nufi baƙar ƙusa da jar waya. Na riƙe hannunsa.

“Yallaɓai, ba ni ita minti biyu, sabuwar doka ce.”

Dokar kuwa a lokacin na ƙirƙire ta. Na gane mutumin nan ba ya bambance ja da baƙi, da girman ƙusa yake aiki tsawon shekaru, ni na zo na rufe masa ido. Kuma a gaban abokan tserensa, masu tsokana kamar ƙudan rani, ba zai taɓa faɗa ba.

Na tuna igiyar guganmu a gida, da ƙulle-ƙullen da Baba ya yi mata don hannu ya san zurfi. Na yi wa jar wayar ƙulli biyu, na sa mata ƙaramin fis wanda zai tsinke kafin wuta ta yi ɓarna, na naɗa zare mai kauri a gindin jar ƙusa. Don kada a gane, na ɗaga murya na ce duk mai kwanturola ya kawo tasa a yi mata haka. Mutum bakwai suka yi layi suna gunaguni. Mista Odel ya leƙo yana harara.

“Wa ya kafa dokar nan?”

“Kai mana, ranka ya daɗe. Ka manta ne.”

Ya dube ni, ya dubi Mista Lamar, ya ce, “Haka ne, tsufa ne,” ya koma ciki.

Mista Lamar ya lalubi ƙulli, ya lalubi zare, ya maƙala. Ba hayaƙi. Na uku ya zo a tseren, amma ya yi ta dariya kamar shi ya ci. Da zai tafi ya tsaya kusa da ni, yana naɗe wayoyinsa.

“Matata kaɗai ta sani,” ya ce a hankali. “Ita ke zaɓa min safa.”

“Ta san me, Yallaɓai?” na ce.

Ya matse kafaɗata ya fita. Shekara uku na ƙara a shagon, ba mu sake zancen ba.

Tun daga ranar, in na'ura ta ƙone, ba na tsayawa kan auna waya kaɗai, sai na kalli hannun da ke riƙe ta. Sa fis kowa ma zai iya, a aji aka koya mana. Mutum bakwai ɗin da na sa layi don mutum ɗaya kada ya ji kunya, wannan ne aikin da na fi alfahari da shi.