Es Biyu a Hannuna

A shekarun da council, wato ƙaramar hukuma, ta rage mana kwanakin aikin shara a laburare, ina zaune ni kaɗai a wani ɗaki a unguwar Sparkhill. Ƙarshen kowane wata sai in hau mota zuwa Manchester, gidan wani likita ɗan garinmu a Rusholme. Mu biyar ne muke haɗuwa ran Lahadi bayan azahar: likitan, wani injiniya, ɗalibai biyu masu digiri na uku, sai ni da na tsaya a firamare.

Poka muke bugawa, wani wasan karta, da gyaɗa a madadin kuɗi. Sai da na tambayi malamai biyu ko wannan ma caca ce, kuma ban natsu ba sai da aka yarda in an tashi a mayar da gyaɗar kwano ɗaya a ci tare.

Likita ya ji cewa gidajen caca suna ba da tukuici ga wanda ya riƙe es biyu, wato kartar da ta fi kowace ƙarfi, amma duk da haka aka cinye shi. Sai ya kafa mana tamu dokar. Wanda hakan ta sama, wata mai zuwa a gidansa za a yi zama, a je masa jaje da tukunyar shinkafa.

Shekara biyu ina zuwa, babu wanda ya taɓa ganin ɗakina. Ban iya cewa su zo ba. Mota awa biyu, don su zauna a kan katifa?

Ran nan aka raba, na ɗaga gefen kartata. Es biyu. Mai son ci yakan zuba gyaɗa da yawa tun farko, ya kori mutane. Ni kuwa na ajiye ƙwaya biyu kamar kowa, don duk su zauna, ko wani ya dace ya kayar da ni. Har na fara lissafin kofunan da zan aro wajen maƙwabciyata.

"Malam, yau kuma addu'a kake wa kartar?" in ji Injiniya.

"Ƙyale shi, istihara yake yi," in ji Likita.

Suna dariya, sai na sake tunani. In suka zo, jajen me za su yi mini, alhali ni na nemi faɗuwar? Likita zai bar iyalinsa ranar hutunsa ɗaya tak saboda dabarata. Na tura duk gyaɗata tsakiya. Ɗaya bayan ɗaya suka ajiye kartarsu, suka bar mini cin.

"Shege Malam, ashe da kaya!" in ji Injiniya, yana dukan kafaɗata.

Kafin bazara ɗaliban suka gama suka koma gida, Likita ya sami aiki a Saudiyya. Ya kira ni daga filin jirgi, ya ce ko adireshina ba shi da shi, in turo masa. Na tura.