Malam Abdulgafar, Mai Auna Waya da Gaisuwa

Da ya dawo sallar asuba ya kurɓi kokonsa, Malam Abdulgafar ɗan Mabai ba ya taɓa komai sai ya kira ƙananan asibitoci bakwai na ƙauyukan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa ya gaishe su. Shekara tara ke nan da ya haɗa su da wayar intanet, don ungozoma a garin da babu likita ta samu likita a kunnenta. Gaisuwar tasa kuwa ba ta da birki. Sai ya bi kwana, gajiya, iyali, har awaki. Ma'aikata suka gaji suka laƙaba masa Malam Gaisau.

Ashe ba lafiyar awaki ta dame shi ba. Murya a intanet gutsi-gutsi take tafiya. In hanya ta toshe ko batir ya yi sanyi, wani gutsuren ya makara, wani ya ɓace. Shi tazarar da ke tsakanin "ina gajiya" da "ba gajiya" yake saurare.

Wata Talata bayan kaka ya kira Goggo Hajaratu, ungozomar Ruwan Godiya. "Lafiya lau" ɗinta na farko bai iso ba sai da ya kai tambaya ta uku. Kwamfuta ta ce komai daidai, kunnensa ya ce ƙarya ne.

"Goggo, layin nan naku bai da lahiya."

"Kai Malam, mi ka ji kuma? Bar mani wayata ta huta. Ga Zulaihatu nan haihuwa yau ko gobe, kuma wancan karon da ƙyar ta sha."

Jin haka ya hau babur. Ya duba batir, ya duba sola, babu laifi. Sai ya hau rufi ya bi saitin farantin da ke kama saƙo da ido, ya yi dariya. 'Yan kwangila daga birni ne suka sake kafa farantin da damina, lokacin da gawon gonar Alhaji Dada yake tsirara. Ba su san gawo da rani yake ganye ba. Yanzu ya cika fam, ya tare hanya.

"Gawona ba ya saruwa, shi ne takin gonata," in ji Alhaji Dada.

"Ba sara ba, Alhaji. Reshe uku kawai, ragunanka su ci."

Alhaji ya yarda, Malam ya sare rassan uku, layi ya washe. Bayan la'asar Zulaihatu ta haihu, jini ya ƙi tsayawa. Goggo Hajaratu ta kira likita a Ƙanƙara. Minti ashirin yana faɗa tana yi, ko kalma ɗaya ba ta faɗi a hanya ba. Jini ya tsaya. Uwa da ɗiya suna nan garau, an raɗa wa yarinyar Amatullah.

Kai ne, Malam, kunnen da ya fi na'ura! An yi suna, an ci rago, ba wanda ya ambace ka, ka kuma tashi washegari ka ci gaba da gaisuwarka. Mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara wa kunnen nan lafiya. Masu gyara na bayansa, ku koyi neman ɓaraka tun ba ta zama kuka ba.

Goggo Hajaratu kuwa yanzu ba ta jiran kiransa. Ita ke bugowa da sassafe, kuma ba ta ajiye waya sai ta tambayi awakinsa.