Dutsen da Ya Riƙe Ruwansa

Aikina a Yamai auna duwatsu ne. A gida har yau dariya ake mini, wai an kai yarinya lakkwal neman boko ta ƙare da wasan tsakuwa. A labo ɗinmu, wato ɗakin gwaje-gwaje, ana kawo guntayen duwatsu daga rijiyoyin man fetur, mu duba yawan ruwa ko man da ke cikin ƙofofinsu, da irin ƙarfin da za a sa kafin su sake shi.

Wata kaka na je hutu Dakoro, na tarar ana haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse, kusa da ƙauyen kawuna, ta hanyar Korahane. Kawu makiyayi ne, shanunsa suna arewa wajen Tagriss tare da 'ya'yansa, tabkin da suke sha kuma ya kusa ƙafewa. Hanya biyu gare shi: ko dai a kora shanun kudu tun da sauran ƙarfinsu, ko a maido su gida su jira sabon foraj. Injin haƙar kuwa ya lalace ana tsakiyar aiki, ba wanda ya san ranar gyaransa. Abu na ƙarshe da ya fito da shi daga ƙasa wani guntun dutse ne mai danshi, kuma Kawu ya roƙa aka ba shi.

Ya kawo mini shi naɗe cikin tsumma, yana ta murmushi.

"Ke ɗiyata, taɓa ki ji. Na lasa da halshena, ruwa na nan ƙasa."

Na karɓa na shafa shi. A rijiyar hannu, in mai haƙa ya kai ga jiƙaƙƙen rairayi, to ya kusa ruwa, Kawu bai yi kuskure a nan ba. Amma wannan dutsen laushinsa ya yi yawa, sumul kamar sabulu. Na san irinsa. Yadda lagwani ke jan kananzir, haka ƙananan ƙofofin dutse ke jan ruwa, kuma in sun cika ƙanƙanta ba sa yarda su sake shi.

"Kawu, don Allah kar a taɓa shanun nan sai na gwada shi."

"Mi za a gwada ga dutsi jiƙaƙƙe? To, tahi da shi, amma ki yi hamzari."

Na katse hutuna na koma Yamai. Na yanki dutsen kamar pil, wato batirin fitila, na busar da shi, na auna nauyinsa, na shayar da shi ruwa har ya ƙoshi, na sake aunawa. Ya sha da yawa, amma hakan bai kwantar mini da hankali ba. Daga nan na sa shi cikin injin juyi. Injin nan majajjawa ce kawai ta Turawa: yana wulwula dutsen, ruwan da ya fita ya taru cikin wata siririyar kwalba mai zane-zane. Sai dai ba a yi masa gaggawa. Kowane gudu sai an bar shi har ruwa ya daina fita, sannan a ƙara.

Kwanakin nan abinci ma ba ya shiga. Ina leƙa kwalbar kamar mai jinya, abokan aikina suna tsokanata wai na yi saurayi a cikin inji. A gudun farko ko ɗigo babu. Na ƙara, ɗan danshi kawai ya taru a gindin kwalbar. Nakan ce wa kaina guntu ɗaya ba shi ne ƙasa duka ba, wataƙila akwai rairayi mai kyau can ƙasa da shi. Sai in tuna injin haƙar da zai kai can yana kwance. Sau da yawa na ɗauki waya in ce wa Kawu ya kora su kudu kawai, sai in ajiye. Ina tsoron in tura dabbobi doguwar tafiya a kan zato, ina kuma tsoron shirun da nake yi.

Sai da injin juyin ya kai gudun da ba famfon da zai iya irin wannan ja, sannan dutsen ya saki ɗan kaɗan. Sauran duk ya riƙe abinsa. Na fita tsakar gidan labo, na kira Kawu a waya.

"Kawu, ruwan yana ciki, amma ba zai fito ba. A kai su kudu."

Ta bayansa ina jin wata hayaniya da ban gane ba da farko.

"Ɗiyata, tabki bai jira injinki ba, ya ƙahe. Na aika an taho da su, ga su nan kewaye da foraj ɗin." Ya ɗan nisa. "Kina jin su?"

Ina jin su sarai, kukan ƙishirwa suke yi.